Ramin wutar da ya ci rumbun Malam Sule

Daren Laraba, Dutsin-Ma, bayan girbi

Daga makarantar Midil na fito na kama aikin hukumar En'e, na sayi gona a Kutawa, na gina gidan nan har da rufin kwano, ba wanda ya miƙo mini ko tubali ɗaya. Yau ramin jin ɗumi ne ya kayar da ni.

Ina haƙa shi a bayan gida Inna ta ce, "Ɗan nan, matsar da shi nesa da danga, kuma dutsen rafi ba ya shiri da wuta." Na ce mata na san abin da nake yi. Bayan magariba ɗaya daga duwatsun rafin da na jera a bakin ramin ya fashe, garwashi ya faɗa kan kara, wuta ta bi danga ta kama rumbun maƙwabcina Malam Sule. Dawarsa ta shekara ke nan. Toka kawai yake tonawa da sanda.

Na ji ana cewa matata Hadiza ce ta bar wuta. Ƙarya ne. Gobe malamin dagaci zai zo ɗaukar bayani. Ba zai tashi ba sai ya rubuta sunana, Garba, cewa ni na ƙone hatsin mutumin nan.