Zuwa ga Ila, Mai Zana wa Wani Riga a Maraɗi

Daga Bawa maɗinki, na rumfar bakin kasuwar Jibiya, zuwa ga Malam Ila mai zanen riguna. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. 'Yan rumfa suna zaune ana karanta musu abin da nake faɗi, suna ta murmushi, ni kuwa ko a jikina.

Bayan haka, na ga rigar.

Wani bafatake ne ya shigo da ita a jikinsa ranar kasuwa. Tun daga nesa na gane hannunka, don babu mai karkata bakin aska a zanen riga kamar kai. Na tsayar da mutumin, na kama aljihun rigarsa ina dubawa har ya fara tsarguwa. Na tambayi wanda ya ɗinka, ya ce wani Tanko ne, a rumfarku ta Maraɗi. Rumfarku, in ji shi. Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Da ɗinkin ya yi muni, wallahi da na yi barci. Kafin in saki mutumin, na juya rigar ciki da bai ina neman inda zare ya kwance, ban samu ba. Yaron ya iya allura. Na faɗa, kuma ba da daɗin rai na faɗa ba.

Ka tuna lokacin da Nasara suka zo suna kafa turakun iyaka, gonar gidanku ta faɗa ɓangaren Faransi. Ka ce za ka je ka taya tsohonka girbi ka dawo. An yi girbin, an yi wani, an sake yin wani. Tafiyar da jaki ke yi ba ya gajiya ita ce ta gagare ka.

Kai ka zana, ni in ɗinka, haka muka tashi. Amma kai kaɗai ne mai zanen da na sani yake barin fili. Sauran malamai sukan cike ƙyalle da tawada, maɗinki ya bi layi kamar makaho da ɗan jagora. Kai kuwa sai ka bar wuri kamar tafin hannu a ƙarƙashin tambari, zagayen adon nan na riga, ka ce, “Nan naka ne, sa abin da ranka ya ba ka.” A nan na ƙirƙiro ɗan dagin nan mai ƙafa a tanƙwashe.

In mai riga ya yabi zane, sai ka nuna ni, ka ce ai tawada wankewa take yi. In rana ta karkata ka ga ina matse ido, sai ka zare allurar daga hannuna, ka soke ta a hularka, ko da mai riga na tsaye yana huci. Shekarar da ciwon ido ya kwantar da ni, an kawo maka maɗinka, ka naɗe alƙalaminka ka jira ni.

To, Ila, na duba ƙarƙashin tambarin rigar nan. Ka bar masa fili shi ma. Kuma abin da ya sa a ciki dagina ne, da ƙafarsa a tanƙwashe. Bafataken ya ce can dagin Bawa ake ce masa, wai kai ka ce kada a kira shi da wani suna. 'Yan rumfa suka ce in yi murna, sunana ya tsallake iyaka. Na yi murnar, ba zan ɓoye ba. Amma kishi ya fi ta yawa. Ni na ɗauka filin nan tsakanina da kai ne. Shi ma kana zare masa allura in rana ta karkata?

Ga abin da ya sa na aiko. Akwai farin saƙi a wurina na wani dattijon Mazanya, ya gaji da jira. Malam Sule na Daddara ya ce zai zana mini, mu haɗa rumfa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya barin ko wurin sa yatsa. Na yi ta ja masa rai, yanzu dabara ta ƙare mini. In aka sha ruwan azumin farko ban gan ka ba, zan kai wa Malam Sule saƙin, kuma ka san ni, in na zauna da mutum ba na tashi.

Ka zo, abokina. In ba ka iya rabuwa da Tankon, taho da shi, tabarmar ta ishe mu. Zan ma koya masa yadda ake rufe ƙafar dagin, don a nan ya ɗan yi sauri. Amma gefen damanka ni zan zauna, ka gaya masa tun a hanya.

Allah ya tsare maka idonka da hannunka, ya ba tsohonka lafiya. Shi ma Tanko Allah ya yi wa allurarsa albarka. 'Yan rumfa sun ce amin da ƙarfi, tawa ta fito a hankali, amma ta fito.

Naka, mai jiran tawadarka,
Bawa.