Ordinatar Yekuwa da sunan da aka ce in rubuta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Shawararku nake roƙo, amma ku yi haƙuri da ni, ban iya gajerta labari ba, in kuma na datse shi ba za ku gane inda ƙayar ta soke ni ba.

Abin ya faro ne shekarar da aka rufe iyaka, aka yanke mana wutar Najeriya, isansi, wato man fetur, ya yi tsadar da kowa ya sani. Ni ne mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, na wata ƙungiyar manoma, babban biro, wato ofis, yana Magarya, ƙananan suna Bande, Kwaya, Yekuwa da Dungas. A kowace ordinata akwai lojisiyel, wato manhaja, da ake rubuta sunayen manoma da abin da kowa zai karɓa na iri da taki, shi ke aika su zuwa babbar na'urar da ke Magarya. Aibinsa ɗaya ne, in an sabunta na Magarya dole a sabunta na kowane biro, in ba haka ba babbar ba za ta karɓi ko suna ɗaya daga gare shi ba. A da da ƙafata nake yi, in kwafi sabon a kile, ɗan filashin nan, in jefa a aljihu in hau moto in bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku ko huɗu ina hanya. Da mai ya gagara sai Madam, shugabarmu, ta ce yawon nan ya ƙare, in nemo dabara.

Na yi kusan wata biyu ina rubutawa ina gogewa har Allah ya ba ni sa'a. Na shirya wani ɗan umarni na dasa a kowace ordinata, ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ita da kanta za ta tambayi Magarya ko akwai sabo, ta jawo shi ta saka, ta mutu ta tashi, sannan ta rubuta a rajista cewa an gama. Na zaɓi Juma'a don lokacin biro babu kowa, rana tana tsaka panon sola ya cika batir, rezon intanet kuma ya yi sauƙi tunda gari duk yana masallaci. Abu ɗaya tak na roƙi mutane, a bar ta a kunne a tafi salla. Sakataren Bande ya gane tun ranar farko. Na Kwaya sai da muka yi ƴar rigima don yana zare ta ya yi cajin wayoyin maƙwabta, shi ma ya daina. Saura Yekuwa.

Sakataren Yekuwa dattijo ne, bari in kira shi Baba Idi, shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki da haƙƙinsa cikakke. Baba Idi ba ya fita daga ɗaki ya bar ordinata a kunne. Ko alwala zai yi sai ya kashe ta, ya zare wayar daga bango, ya lulluɓe ta da wani tsohon zane. Duk Alhamis sai na kira shi na tuna masa, ya ce to ɗana, in Allah ya yarda, ranar Juma'a da la'asar in duba rajista in ga kowa ya amsa ban da Yekuwa. In na yi magana ya ce ai ita ma baiwar Allah ce, a bar ta ta huta ranar Juma'a. Na san wasu za su ce me ya hana ka canza masa rana. Na canza. Na mai da shi Talata yana zaune a gabanta, da ya ga allon yana motsi babu wanda ya taɓa shi sai ya fizge wayar, aikin ya tsaya a rabi, kwana biyu biro bai yi aiki ba sai da na je.

Ni da shi duk allo muka fara riƙewa kafin boko, don haka na ce bari in bi ta inda yake jin magana. Na samu farar takarda na rubuta masa da ajami, da tawada, rubutu mai kyau, cewa kada a kashe wannan na'ura ranar Juma'a, na manna a gefen allon ordinatar. Kuskurena shi ne na buɗe da Bisimilla kamar yadda hannuna ya saba. Mako na zagayowa na tarar babu takardar. Ya ce sunan Allah ba ya zama a jikin ƙarfe yana shan ƙura, ya ninke ta ya adana. Wallahi ranar ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina sitaj, wato koyon aiki, a wannan biro na Yekuwa, a ƙarƙashinsa. A wancan lokacin da gurup, wato janareto, ake aiki. Wata rana ya tafi jana'iza ya bar ni, na jona ordinatar kai tsaye don na ga abin kare wutar yana ta ƙara yana damuna, na fita shan shayi. Wuta ta hau, ordinatar ta ƙone da sunayen damina guda a cikinta. Da shugaban wancan lokacin ya zo, kafin in buɗe baki Baba Idi ya ce shi ne ya bar ta a kunne. Aka ba shi takardar gargaɗi aka sa a dosiyensa, fayil ɗinsa na aiki, matsayin da ake shirin ba shi a Magarya aka ba wani, ni kuma aka ɗauke ni aiki ƙarshen shekarar. Tun daga ranar yake zare waya. Wato halin da yake hana ni barci yau, ni na dasa masa shi da hannuna.

Shi ya sa ban kai ƙararsa ba. Duk makon da aka yi sabo, ranar Asabar sai in sayi mai da kuɗina in hau moto in je Yekuwa in saka da kile, in dawo, Litinin kowa ya ga komai daidai. Madam har yabona take yi a taro wai na kashe wa ƙungiya tafiye-tafiye. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina tafiya. Akwai ranar da yashi ya kayar da ni kusa da wata rijiya, na zauna a ƙasa ina tambayar kaina amfanin wata biyun da na yi ina rubuta abin da zane ɗaya ya fi ƙarfinsa.

Asirin ya tonu watan da ya wuce. Matata ta haihu, suna ya faɗo Asabar, kuma a makon ne aka turo sabo. Na kira Baba Idi har sau uku ranar Alhamis, na ce Baba wannan karon ba zan samu zuwa ba, don Allah a bar ta. Ya yi mini barka, ya yi wa jaririya addu'a, ya ce to. Ya kashe ta. Litinin aka rufe jerin masu karɓar irin wake, sunayen da ya shigar a makon ba su iso ba. Mutanen ƙauye biyu suka zo da amalanke ranar rabo, aka duba babu su, suka koma haka nan, ga ruwa ya riga ya sauka. An ba su daga baya, amma manomi ya san abin da kwana goma yake nufi a farkon damina. Madam ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce in kawo mata rajista da rapor, wato rahoto, da sunan wanda ya jawo wannan. A dokarmu gargaɗi na biyu a dosiye sallama ce.

Shekaranjiya na je Yekuwa na same shi a ƙofar biro, na faɗa masa komai, na ce ina so in gaya wa Madam gaskiyar abin da ya faru shekara goma sha ɗaya, ko a cire masa takardar gargaɗin farko. Yana jan carbi ya ce, "Asabar nawa ka zo nan?"

Na ce goma sha tara, Baba.

"Da man wa?"

Na ce da nawa.

Ya yi murmushi ya ce, "To ai ka biya har da gyara, ɗana. Ni takarda ɗaya na karɓa maka, kai ka ci hanyar nan sau goma sha tara. Daga yau ba na bin ka komai. Ga jaririya a ɗaki, kada ka je ka tono abin da na binne. Rubuta abin da na'urarka ta gani."

Na ce to ko yanzu zai riƙa barinta a kunne, in samu abin da zan roƙi Madam da shi. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, zuciyarsa ta yarda, hannunsa ne ba ya yarda, warin wayar nan da ta ƙone har yau yana hancinsa. Ya cire hularsa ya zaro takardar ajamin nan a ninke ya miƙo mini.

To jama'a ga inda nake. In na rubuta abin da rajista ta nuna, dattijon da ya rufa mini asiri zai tafi gida saura shekara biyu, duk da shi ya ce in rubuta. In na faɗi tsohuwar maganar, na karya umarninsa, kuma mai yiwuwa mu biyun za a sallama, don Madam za ta ga Asabar goma sha tara da na ɓoye mata. Rajistar kuma ni ke riƙe da ita, zan iya gyara ta cikin minti biyar in ce rezo ne, ba wanda zai gane, sai Wanda ba a ɓoye masa komai, ga kuma haƙƙin mutanen da suka koma da amalanke babu buhu.

Shi ya ce na biya. Ni ban ji a jikina na biya ba. Litinin da ƙarfe takwas Madam take jira, kuma tun jiya kwanan wata kawai na iya rubutawa a saman rapor ɗin. Don Allah, sunan wa zan sa a ƙasansa?