Koke Kan Tallan Yayan Matata da Ya Hau Kan Nawa

Zuwa ga:
Mai Girma Manajan Sashen Dillalan Intanet,
Kamfanin Kekunan Ɗinki, Babban Ofishi.

Daga:
Dillalinku mai tebur a bakin taga, Shagon Dillalai, hawa na biyu.

18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Sayen sunan kamfani a gwanjon tallan bincike, saɓanin yarjejeniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena a kan wani dillalinku, wanda kuma yayan matata ne. Ni na koya masa aikin nan lokacin da ya rasa nasa, har kujera na ba shi kusa da ni. Ban kawo wannan don gori ba.

1. Yarjejeniyarmu ta hana dillali taya sunan kamfani a gwanjon kalmomin bincike, wato inda dillali ke biya don tallansa ya fito idan mutum ya rubuta wata kalma yana nema a intanet. Ni na kiyaye. Da yake tsohon tela ne ni, kalmomin da tela ke rubutawa a wurin bincike idan ransa ya ɓaci nake saya: zare na tsinkewa, keke na tsallake ɗinki. Daga nan nake lallaɓa mutum har ya yarda kekenku ne maganin matsalarsa.

2. Tun ranar 2 ga Satumba, shi wannan bawan Allah ya sayi sunan kamfanin ɗungurungum. Wanda na gama shawo kansa sai ya koma ya yi shawara, ya dawo ya rubuta sunanku, ya tarar da tallan yayan matata a sama, ya latsa. A tsarinku kuwa, wanda aka latsa tallansa a ƙarshe ke da la'ada. Ni da zufa, shi da shan inuwa. Mutumin da ko zare bai iya zura wa allura ba!

3. Ranar 30 ga Oktoba kuka ba shi lambar Gwarzon Dillali, kuka sa hotonsa a shafin kamfani. Lambar ya kafa ta a bangon da nake fuskanta. Ba na baƙin ciki da arzikin kowa, Allah ne shaida, amma kullum na ɗaga kai sai mun yi ido huɗu da ita. Surukata ma yanzu idan ta kira, aikinsa take ce in riƙa koyi da shi. A makon ne kuma na sami saƙonku cewa duk wanda cinikinsa bai ɗaga ba zuwa ƙarshen Disamba za a cire shi daga jerin dillalai.

4. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na daɗe ina nuna wa matata amfanin sabon kekenku mai lantarki, har ta amince. Ranar 11 ga Nuwamba na ba ta katina na banki, na tura mata mahaɗin tallana da za ta latsa ta saya, na fita. Ita kuwa ta ga ya fi sauƙi ta rubuta sunan kamfani, ta latsa tallan da ya fito a sama. Keken yana falona yanzu. Ni na yi talla, ni na biya, ni na ɗauko shi a kafaɗa zuwa sama, la'adar kuma ta faɗa aljihun yayanta. Washegari har ya leƙo teburina yana yi mini godiya.

Saboda haka ina roƙon mai girma Manaja ya sa a sauke wannan talla, a sake duba cinikin watannin nan kafin a yanke hukunci a kaina, a kuma duba ko lambar nan ta je hannun da ya dace. Idan karɓe ta zai yi wuya, a umarce shi ya mayar da ita wani bangon.

A ƙarshe, ina roƙo kada a bayyana wanda ya kawo ƙarar, domin matata ba ta san na rubuto ba, kuma da keken take ɗinka mini riga yanzu haka.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Dillalinku na bakin taga
(sa hannu)