Inna ta hana Yayana albarka saboda binnen gero

Daga wata 'yar uwa a Shagari, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle tsakanin mahaifiyata da yayana.

Mu 'yan Danchadi ne. A ƙarshen mulkin farar hula na biyu, lokacin da komai ya yi tsada har sabulu sai an bi layi, ina sakandare a Bodinga, Baba ya kwanta rashin lafiya, gona ta koma hannun Yaya, yana saurayi. Akwai abin da manoma suke kira binne, wato a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, in an dace amfaninka ya riga na kowa. Baba ya gargaɗe shi daga kwance, ya ce bai yarda da sararin bana ba, in ma zai yi to ya raba irin biyu. Yaya ya ga maƙwabta suna yi, ga rumbu ya kusa ƙasa, ya kwashe irin geronmu kakaf ya binne. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi. Da damina ta zauna sosai ba mu da ƙwayar shukawa. Baba bai gama warwarewa ba ya tafi ci-rani kudu don ya ciyar da mu, can ciwon ya tashi, ko kabarinsa ba mu sani ba.

Tun daga nan Inna tana amsa gaisuwar Yaya, tana cin abin da ya kawo, amma bakinta bai ƙara ce masa Allah Ya yi maka albarka ba. Mu tana sa mana, har jikoki, shi sai dai ta ce ka gai da gida.

Yanzu tana wurina a Shagari, jiki ya yi rauni ƙwarai. Yaya ya zo daga Bodinga ya same ni a kicin, dattijo da furfura, ya ce ƙanwata ki roƙa min ita. Na roƙa. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, ya durƙusa ya ce Inna ni na yi, na ƙi jin maganar Baba. Da na kai masa ya ce ba zai iya ba, an rubuta tun kafin a halicce shi, faɗin haka jayayya ce da ƙaddara. Ya ce ki ɗauko kowane yaro ki ba shi yunwar da na ji da tsoron da na ji, wallahi binnen zai yi, ina zaɓi a nan? Na mayar wa Inna, ta ce, "Ke ɗiyata, ƙaddara na gani riƙe da sungumi, ko ɗana? In an rubuta mishi binne, to ni ma an rubuta min shiru, mi yake nema gare ni?"

Wallahi dariya ta so kama ni, sai hawaye. Don na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma na san fari ba Yaya ya kawo shi ba, ajalin Baba ma ba mai ɗaga shi. Amma ina lura. Kwanaki ɗan Yaya ya bar akuya ba ɗauri ta shiga lambun mutane, Yaya bai ce ƙaddara ba, faɗa ya yi masa har maƙwabta suka leƙo. Kuma tun waccan shekarar bai sake binne ba ko kunyar gona ɗaya, damin farko na kowace kaka kuwa ƙofar Inna yake sauka. Wanda bai ga hannunsa a abu ba zai yi haka? Ni ina ganin ba taurin kai ba ne, tsoro yake ji in ya ce ni na yi, ya zama ya ce ni na kashe Baba.

Malaminmu na Islamiyya ya ce Allah Ya sani kuma Ya rubuta, bawa kuma yana da zaɓinsa, shi ya sa ake hisabi. A aji na gane. A tsakar gida na kasa haɗa su, don Inna da Yaya kowannensu ya riƙe rabin maganar ya ƙi ɗayan.

Jiya ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa ta ce, ke da kika yi boko da allo, gaya min gaskiya, shi ya yi ko an yi mishi? Na yi kamar ban ji ba.

Ranar Juma'a Yaya zai zo, kuma ba na jin za su samu Juma'o'i da yawa. 'Yan uwa, in lallashe shi ya faɗi abin da yake ganin saɓo ne, ko in matsa wa tsohuwa marar lafiya ta sa albarkar da ba ta kai zuci ba? Akwai kalmar da mutum zai ce ni na yi, kuma Allah ne Ya ƙaddara, ba tare da ya yi ƙarya a ɗaya ba? In akwai ku koya min, in sa masa a baki kafin nata ya rufe.