Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Lahadi, 16 ga Yuni
Babbar Sallah. Malam ya yanka rago da hannunsa, shi da yake limamin Wurma, amma ɗanmu na fari ya ƙi cin naman. Wai yankan ubansa bai halatta ba, tunda yana yi wa gwamnati addu'a a huɗuba. Na yi dariya don kada baƙi su gane.

Talata, 18 ga Yuni
Kabu-kabu ya je yi a Dutsin-Ma, ya dawo mana da wa'azin wasu mutanen daji a waya. Kowa kafiri ne sai su. Har ni, da alama, da na goya shi.

Alhamis, 20 ga Yuni
Malam ya zaunar da shi, aya bayan aya. Kansa a sunkuye, kunnensa a toshe.

Laraba, 26 ga Yuni
Ina tankaɗe ya tsuguna kusa da ni. "Inna, ki hana Baba hawa mumbari jibi." Na ce saboda me? Ya ce shi dai ya faɗa. Na ce su wa za su zo, kuma wa zai nuna masu hanya? Bai kalle ni ba. Ya tayar da babur ya tafi.
Na gaya wa Malam. Ya ce Juma'a ba ta fashi don tsoro. Taurin kai dai gado ne a gidan nan.

Alhamis, 27 ga Yuni
In na yi shiru, mijina da sahun masallaci. In na yi magana, ɗana. Tsoro nake ji ƙwarai.
Na sa hijabi na tafi Kurfi wajen yayana Ummaru, ya kai ni gaban jami'an tsaro. Babbansu ya ce, "Hajiya, sunan yaron?" Ɗan fari ne. Tun ranar sunansa bakina bai taɓa furta shi ba, kunya ta hana, "wannan yaron" nake cewa. Yaya ya buɗe baki zai faɗa a madadina, na ce ya bari.
Na ce, "Munzali."
Sai da aka sa na maimaita, wai ba a ji ba.

Juma'a, 28 ga Yuni
An girke jami'ai tun safe. An yi sallah lafiya, ba wanda ya zo. Shi ma bai dawo ba.

Asabar, 13 ga Yuli
Malam ya yanka zakara, ban ware wa kowa ba. Da la'asar na ji ƙarar babur ta nufo ƙofar gida. Shekaru nawa ina jin wannan ƙara in miƙe in ɗauko kwanonsa. Yau ma na miƙe. Sai da babur ɗin ya wuce na ga hannuna a kan sakata, na riga na kulle.