Tarin Yanzu da Tarin Kullum

Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Duza? Ni lafiya lau nan Ghana, aikin zinare na tafiya.

Ɗan tari dai nika yi. Na ce wa likita "I am coughing," ya ba ni maganin mura. Abokin aikina Anwar ya ce a Turanci wannan kalamin tarin yanzu ke nan, mai wucewa. In na kullum ne, "I cough" aka cewa. Na koma na faɗi haka. Likita ya aje biro, ya tambayi shekarun da na yi ina niƙa dutse. An ɗauki hoton ƙirjina. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba.

Don Allah ki riƙe min ɗiyata Amira a makaranta.

Ƙanenki,
Lukman