Manhajar Dangwale Za Ta Raba Ni Da Mutanen Garinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro nake ji.

Ni ne mai kula da ma'aikata a wani kamfanin man gyaɗa, babban ofis a Gaya, wurin tsinta da sheƙa a Ajingi, garinmu. Alhajin da ya kafa kamfanin ya rasu, ɗansa ya dawo daga Abuja ya karɓa, ya ce an gama zamanin takarda, in zaɓo manhajar da za ta riƙa lissafin zuwa aiki da albashi. Biyu suka rage a gabana. Ta farko, shugaban sashe ne zai shigar da wanda ya zo. Ta biyu sai ka dangwala yatsa ta ɗauki fuskarka, in ba ta gan ka ba ta yanke albashi da kanta, in abin ya yi yawa ta rufe sunanka, babu wanda za ka je ka roƙa.

To ga inda matsalar take, mu a wajenmu da damina ta faɗi, ma'aikaci gonar gidansu yake tafiya, ya turo ƙaninsa ko ɗansa ya tsaya masa. Marigayi ya sani, shi ma manomi ne, cewa yake in dai buhu ya cika bai damu da hannun da ya cika shi ba. Na yi wa sabon oga wannan bayani, ya ce a Abuja sunan wannan ma'aikatan bogi, ya ce zaɓi nawa ne, amma in na ɗauki ta farko zai san akwai abin da nake ɓoyewa. Wai zaɓi nawa ne, alhali har shinkafa na ga ya ci da mai sayar da ta biyun.

Da aka kai na'urar dangwalen Ajingi gwaji, sai ta faɗa kan ƙanin Malam Sani, wanda yake tsaya wa yayansa tun da ciwo ya kwantar da shi. Ta yi ƙara, ta nuna ja. Kowa ni yake kallo.

Tun daga nan gari ya canja min. A masallaci a miƙo min hannu a janye da sauri. Mai shayin da muke zama wurinsa ya ce madara ta ƙare, ga gwangwani ina gani. An sace min iskar babur a ƙofar gidanmu, ba a ɗauki komai ba. Dattawa kuma sai zuwa gaida Inna suke yi, mahaifiyata, su zauna su yi ta yabon marigayi babana, su tashi.

Jiya Inna ta kira ni ɗakinta, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Ɗan nan, ranar da na mutu, na'urar ce za ta ɗauki makarata?"

Oga yana jiran sa hannuna kafin shuka. In na zaɓi ta farko aikina ya tafi, ya kawo baƙon da zai sa ta biyun ko gezau. In na zaɓi ta biyu, Inna ce za ta kwana a garin, ni ina Gaya. 'Yan uwa, wacce zan sa wa hannu?